Al-Wahda ta Makka: ƙungiyar da ke rainon yara, wasu su ɗauke

Al-Wahda ita ce babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin Makka. Rigarta ja da fari ce, magoya bayanta kuma suna yi mata kirari da Fursan Makka, wato mahaya dawakin Makka. Tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin Saudiyya, kuma ita ce ta fara cin Kofin Sarki a 1957, ta sake ci a 1966. Tun daga nan ba ta ƙara ɗaga wannan kofi ba. Tana buga wasanninta na gida a filin Sarki Abdul'aziz da ke Shara'i, a gefen gari ta gabas, filin da ke ɗaukar mutum sama da dubu 30.

Abin da aka fi sanin Al-Wahda da shi a zamaninmu ba kofi ba ne. An san ta da fitar da yara masu baiwa, da yawansu jikokin Hausawa da Fulani da Barebari, sannan da zarar sun nuna sai ƙungiyoyin Jidda da Riyad su zo su kwashe. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar ƙungiya a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango zai gane wannan labari tun kafin a kai ƙarshensa, shi ya sa ya dace 'yan uwa su san shi dalla-dalla.

Hausawan Makka da sunan Hausawi

Mutanen ƙasar Hausa sun daɗe suna zuwa Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin mutum yana tafe yana tsayawa ya yi noma ko ƙodago ya sami guzuri. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, jama'a masu yawa sun yi hijira gabas. Wasu sun tsaya a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno, wasu sun kai Hijaz sun zauna. Larabawa suka riƙa kiran mutum da asalinsa: Bahaushe Hausawi, Bafulatani Fallata, mutumin Barno Barnawi. A hankali waɗannan suka zama sunayen dangi. Unguwanni irin su Misfala da Jarwal da Hindawiyya da Shara Mansur an san su da mutanenmu, kuma alhazai sun san har yau akwai lungunan da za ka yi ciniki da Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin kusan komai a wannan magana a kansa yake. Jikokin waɗanda suka zo da wuri, kakanninsu suka sami takardar zama 'yan ƙasa, Saudiyyawa ne cikakku. Waɗanda iyayensu suka zo daga baya kuwa, ko an haife su a Makka, ko ba su taɓa taka Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba, baƙi ne a wajen doka. Saudiyya ba ta ba mutum ƙasa don kawai an haife shi a cikinta. Ta wajen uba ake gādon ta. Yara biyu na iya tashi a lungu ɗaya, su buga ƙwallo ɗaya, ɗaya ya kai ƙungiyar ƙasa, ɗaya kuma ko rajista a ƙungiyar yara ta gagare shi.

A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan baya uku na Saudiyya sunansu Hausawi: Usama, Umar da Mu'utaz. Usama ne kyaftin ranar da aka buɗe gasar, 14 ga Yuni, lokacin da Rasha ta ci su 5 da nema. Mutane da yawa a zango a ranar suka fara tambayar ko 'yan gida ɗaya ne. Ba 'yan gida ɗaya ba ne, asali ne ya haɗa su.

Ƙwallon hawari

Kafin yaro ya kai Al-Wahda, a hawari yake farawa. Hara ita ce unguwa da Larabcin Hijaz, ƙungiyoyin hawari kuma su ne na unguwa, irin namu na kolts sak: fili na ƙasa ko tsakuwa, koci wanda ba a biyansa, riga ta karo-karo. Zafin Makka kan wuce digiri 40 a lokacin bazara, don haka wasa sai bayan la'asar ko da dare. Lokacin da ƙwallon unguwa ya fi armashi shi ne azumi, inda ake shirya gasa bayan tarawihi har tsakar dare, kuma nan ne masu farautar 'yan wasa suke zuwa su zauna su yi kallo.

Makka gari ne na duwatsu, fili a cikinta tsada gare shi fiye da ko'ina a ƙasar. Faɗaɗa Harami da aka fara a 2008 ya cinye unguwar Shamiyya, manyan hanyoyi da otal-otal suka ci wasu tsofaffin unguwannin, aka tura mazauna can gefen gari. A Jidda ma an yi rusau mai yawa daga ƙarshen 2021, ya shafi unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail, inda 'yan asalin Afirka suke da yawa. Idan aka rushe unguwa ba gidaje kaɗai ke tafiya ba. Ƙungiyar unguwar ta watse, kocin ya koma wani wuri, yaran kowa ya bi iyayensa. Abin da ya maye gurbin tsofaffin filayen shi ne filayen ciyawar roba na haya, ana biya awa-awa, da makarantun ƙwallo masu kuɗin wata. Sun fi tsafta, ba a musu. Amma ɗan talaka da ya saba fita ƙofar gida ya tarar da wasa, yanzu sai da riyal a aljihu.

Ga kuma aikin hajji da umara. Garin da ke karɓar miliyoyin baƙi yana da aikin da matashi zai samu kuɗi a hannu cikin 'yan makonni: tura keken marasa ƙarfi, dako, sayar da kaya, yi wa alhazai tafinta. Yaro mai shekara 16 da gidansu ke jiran abin da zai kawo, da wuya ya zaɓi atisaye a kan wannan.

Waɗanda suka tafi

Mafi girman ɗan ƙwallon da Makka ta haifa, a ganin mutane da yawa, shi ne Muhammad Nur Hausawi, an haife shi a 1978. Sunansa bai fito a Al-Wahda ba, a Al-Ittihad ta Jidda ya yi tashe. Da shi suka ci kofin zakarun Asiya sau biyu a jere, 2004 da 2005. A wasan ƙarshe na 2004 an ci su 3 da 1 a Jidda, kowa ya cire rai, suka je Koriya ta Kudu suka lallasa Seongnam 5 da nema, Nur ya zura biyu. Ya je gasar kofin duniya a 2002 da 2006. Tsakanin Makka da Jidda bai kai kilomita 100 ba, tafiyar awa guda ce a mota, kuma tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramain. Wannan kusanci alheri ne ga yaron Makka, amma ga ƙungiyar Makka masifa ce. Yaro zai iya koma wa Al-Ittihad ko Al-Ahli ba tare da ya yi nisa da tuwon gidansu ba.

Labarin da ya fi ci wa magoya bayan Al-Wahda rai shi ne na tsakiyar shekarun 2000. A lokacin ƙungiyar ta haɗa matasa 'yan gida masu kyau, har ta shiga cikin huɗun farko a kakar 2006 zuwa 2007. Cikin 'yan shekaru aka yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Nasir Al-Shamrani, haifaffen Makka, ya koma Al-Shabab ta Riyad a 2007, daga baya Al-Hilal, ya zama gwarzon ɗan wasan Asiya a 2014. Usama Hausawi, wanda aka haifa a Makka a 1984, ya tafi Al-Hilal a 2008. Isa Al-Mihyani shi ma Al-Hilal ta ɗauke shi. Kamil Al-Musa ya koma Al-Ahli. A 2011 Al-Wahda ta faɗa rukuni na biyu.

Tafiyar Usama ta isa misali. Daga Al-Hilal ya je Anderlecht ta Beljiyam a 2012, bai daɗe ba ya dawo Al-Ahli, ya ci gasar ƙasa da ita a 2016, ya sake komawa Al-Hilal. Ya buga wa Saudiyya wasa sama da 130. Sai a 2018, yana da shekara 34, ya dawo Al-Wahda, kuma bai jima ba ya ajiye takalmi. Ƙungiyar da ta raine shi ta same shi yana ɗanye, ta sake samunsa ya gaji. Shekaru goman da ke tsakani, waɗanda su ne na kofuna, na wasu ne. Ba za a ga laifinsa ba, domin rayuwar ɗan ƙwallo gajeriya ce, kuma ba wanda zai ƙi albashi mai tsoka don kara.

Ba Makka kaɗai ke wannan kuka ba. Uhud ta Madina ita ta fitar da Hamza Idris da Rida Tukur, dukansu Fallata, dukansu kuma manyan ƙungiyoyi suka ɗauke su.

Tun daga 2011 Al-Wahda take hawa da sauka. Ta faɗi a 2013, ta faɗi a 2017, ta dawo ta zo ta huɗu a kakar 2019 zuwa 2020, shekara guda bayan haka ta sake faɗuwa. A Mayun 2023 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Sarki, ta yi 1 da 1 da Al-Hilal, aka cinye ta a bugun fenariti. A 2025 ta sake komawa ƙasa. Ƙungiyar da ba ta san rukunin da za ta kasance baɗi ba, ba ta iya ce wa yaro ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar, kuma uban da ke da zaɓi ba zai kai ɗansa can ba.

Kuɗin 2023 da abin da ya jawo

A Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na ƙungiyoyi huɗu: Al-Hilal da Al-Nassr na Riyad, Al-Ittihad da Al-Ahli na Jidda. Aramco ta ɗauki Al-Qadsiya. Al-Wahda ba ta cikin waɗanda aka zaɓa. A wannan bazarar kaɗai ƙungiyoyin Saudiyya sun kashe sama da dala miliyan 900 wajen sayen 'yan wasa, kuma kaso mafi girma na waɗannan huɗun ne. Ratar da take akwai tun da can sai ta zama rami.

Abu na biyu ya fi wannan cutar da yara, ko da yake ba a cika maganarsa ba. An yarda kowace ƙungiya ta riƙe baƙi takwas, daga kakar 2024 kuma aka ƙara biyu masu ƙananan shekaru, suka zama goma. Mutum 11 ke shiga fili. Idan baƙi suka cika mafi yawan gurabe, musamman na gaba da tsakiya, ɗan gida mai shekara 19 sai benci. Roberto Mancini, lokacin yana horar da ƙungiyar ƙasa, ya sha kokawa cewa 'yan wasansa ba sa samun wasa a ƙungiyoyinsu. Al-Wahda kanta ta bi sahu, ta ɗauko irin su Odion Ighalo na Nijeriya a 2023, domin mai gudun faɗuwa ba ya da haƙurin gwada yaro. Ga abin da ke faruwa ke nan: babbar ƙungiya ta ɗauke yaro daga ƙarama da kuɗin da ba za a iya ƙi ba, ta ajiye shi ba ya wasa, bayan shekara biyu ta ba da shi aro. Ƙaramar ta rasa ɗan wasa, yaron ya rasa shekarun da ya kamata ya goge.

Mutanen Makka dai sun ga Cristiano Ronaldo a filinsu a Fabrairun 2023. Ya zura wa Al-Wahda huɗu shi kaɗai.

Mawalid: haifaffun ƙasa marasa ƙasa

Shekaru da yawa ƙungiyoyin hukuma na 'yan ƙasa ne, baƙo kuwa sai ƙwararren da aka sayo daga waje. Yaron da aka haifa a Misfala da iƙama ta Nijeriya ko Nijar ko Chadi ba shi da gurbi a ko ɗaya. Zai yi suna a gasar azumi, kowa ya san ya fi waɗanda ke talabijin, amma iyakarsa ke nan. Wanda iyayensa ba su da iƙamar ma, takari kamar yadda ake cewa, nasa ya fi muni: ba makaranta ta gwamnati, ba rajista, kullum cikin tsoron kamen jawazat, musamman tun kamen da aka tsananta a ƙarshen 2013.

A ƙarshen 2017, lokacin Turki Al-Sheikh yana shugabantar hukumar wasanni, aka buɗe ƙofa ga waɗanda ake kira mawalid, wato haifaffun Saudiyya da ba 'yan ƙasa ba. Aka yi gwaje-gwaje, aka tara masu baiwa, aka ba ƙungiyoyi damar yi musu rajista. Harun Kamara, haifaffen Jidda wanda iyayensa 'yan Afirka ta Yamma ne, ta wannan ƙofa ya shiga Al-Qadsiya, ya buga wa ƙungiyar ƙasa, daga baya Al-Ittihad ta saye shi. Mataki ne mai kyau, amma ƙofar ƙarama ce. Gurbin da ake ba mawalid a kowace ƙungiya kaɗan ne, kuma sai wanda takardunsa suka cika. Yawancin yaran da abin ya shafa har yanzu a hawari suke farawa, a hawari suke gamawa.

Garuruwan gefe da sauran wasanni

Lardin Makka ba Makka da Jidda ba ne kawai. Akwai Ɗa'if a kan dutse da ƙungiyoyinta Wajj da Ukaz, akwai Rabig da Al-Intisar, akwai Kunfuza can kudu a bakin teku da Al-Tasamuh, ga ƙananan garuruwa irin su Jumum da Khulais da Lis. Waɗannan a ƙananan rukunai suke. Abin da Riyad ke yi wa Al-Wahda, shi Al-Wahda da ƙungiyoyin Jidda ke yi musu. Yaron ƙauye kuma ko ƙwallo ba ta ɗauke shi ba, jami'a ko aikin soja ko neman aiki zai kai shi birni yana shekara 18, daidai lokacin da kocinsa ya fara cin moriyarsa. Gwamnati ta buɗe makarantar Mahd a 2020 don tsinto yara tun suna ƙanana, sai dai irin wannan tsari tattara yara yake yi zuwa manyan birane, ba ya ƙarfafa ƙungiyar garinsu.

Wasannin da ba ƙwallon ƙafa ba sun fi shan wahala. Al-Wahda tana da ƙungiyar ƙwallon hannu mai ƙarfi, wadda ta buga gasar ƙungiyoyin duniya a Dammam a 2019, amma yaro nawa ne zai zaɓi ƙwallon hannu yana ganin albashin ƙwallon ƙafa? Zari-ruga kuwa a Saudiyya ya daɗe yana hannun baƙi ma'aikata a Jidda da Riyad da Khobar. A ƙasar Hausa akwai ƙungiyar Barewa ta Kano da ta yi suna a wasan, a Gana kuma Herbert Mensah ya ja shi har ya zama shugaban zari-ruga na Afirka a 2023. Amma a wasan da ba a sayar da 'yan wasa da kuɗin kirki, idan yaro ya tafi, ko sisi ba ya dawowa ga wanda ya raine shi.

Dokar FIFA kan kuɗin raino

Nan ne maganar ta shafi masu riƙe da ƙungiyoyin zango kai tsaye. A dokar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, 12 zuwa 15, kowace shekara tana da rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin cinikin. Daga 16 zuwa 23 kowace shekara rabin kashi ɗaya. A misali, idan cinikin dala miliyan 10 ne, abin rabawa dala dubu 500 ne: dubu 25 ga kowace shekara ta farkon, dubu 50 ga kowace ta baya. Ƙungiyar unguwa da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 15 tana da dala dubu 100, kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, sai an sake biya. Ban da wannan akwai kuɗin horo da ake biya lokacin da yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a wata ƙasa.

A lura, cinikin cikin gida irin na Al-Wahda zuwa Al-Hilal ba ya ƙarƙashin wannan rabo, dokar hukumar ƙasar ce ke aiki a kansa. Kuma 'yan wasan Saudiyya ba su cika fita waje ba, don haka Makka ba ta ci moriyar tsarin sosai ba. Mu ne yaranmu ke fita. Muhammad Kudus ya fara a Strong Tower ta Nima, ya shiga makarantar Right to Dream, ya tafi Nordsjælland ta Denmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Kowane tsallake daga ƙasa zuwa ƙasa yana da kason masu raino a ciki.

Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne inda ƙungiyoyinmu ke faɗuwa: rajista. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin waɗannan kuɗaɗe, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar ɗan wasa a kwamfuta, daga hukumar ƙwallon ƙasarsa. Ƙungiyar da ba ta da rajista da hukuma, ko ba ta shigar da sunan yaron da ainihin ranar haihuwarsa ba, ba ta cikin lissafi, ko da duk zango zai rantse ita ta saya masa takalminsa na farko. Rage shekaru ma yana da nasa hasara a nan, domin shekarun da aka goge a takarda su ne shekarun da za a biya.

Haka nan dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura saboda dalilin da ba ƙwallo ba. Tun da kuɗin Saudiyya ya fito fili, dillalai sun ƙaru masu cewa za su kai yaro gwaji a Jidda ko Makka da bizar umara. Bizar umara ba ta ba da izinin aiki, ƙungiyar Saudiyya ba ta iya yi wa baƙo rajista ba tare da takardar sauyin sheƙa daga hukumar ƙasarsa ba, kuma guraben baƙin a cike suke da waɗanda aka sayo da miliyoyi. Ahmed Musa da ya je Al-Nassr a 2018, ya ci gasar ƙasa a 2019, bayan Kano Pillars sai da ya bi ta Holan da Rasha da Ingila. Yaron da ya wuce kwanakin bizarsa a Makka yana jiran gwaji ya shiga sahun marasa iƙama, kuma hukuncin wannan shi ne tara da tsarewa da kora, tare da hana shi sake shiga ƙasar.

A 11 ga Disamban 2024 FIFA ta ba Saudiyya gasar kofin duniya ta 2034. Biranen da za a buga su ne Riyad, Jidda, Khobar, Abha da Neom. Yaran da za su sa rigar ƙasar a wannan gasa yanzu shekarunsu tsakanin 12 da 20 ne, wasunsu suna nan a filayen haya na Shara'i da Rusaifa, Al-Wahda kuma tana rukuni na biyu tana neman hanyar dawowa.